Yatsa Biyu a Bayan Keke

Malam Bawa mai walda ya tsufa yana ƙona ƙarfe a Limawa, kuma duk abin da ya fito daga rumfarsa an yi shi ne don ya zauna daram a ƙasa. Ƙofofi ne, da tagogi, da kurar 'yan garuwa, da amalanken manoman Mbamoi masu kawo masara Jimeta. Ko keke aka kawo masa, sai ya ƙara masa rodi a baya yadda zai ɗauki buhu biyu ba gardama. Irin wannan mutumin ne Allah ya jarraba da ɗan da ba ya son tayar kekensa ta taɓa ƙasa.

Mu'tasim ne ɗan, kuma shi ne na fari. Saurayi ne mai hankali, yana gyaran waya a kasuwar Jimeta, ba a taɓa kawo ƙararsa gida ba. Aibinsa ɗaya ne a wurin mutanen unguwa, wato keken nan da ya tsinto a kayan gwanjo. Ba sirdi, ba kariya, ba ƙararrawa. Tsofaffin da ke zama a gindin dalbejiya suna kiransa ragowar ɓarawo. Ba a zuwa unguwa da shi, a tsaye ake hawansa. Mu'tasim zai ɗaga tayar gaba, ya tsaya a kan ta baya yana 'yan tsalle-tsalle a wuri ɗaya, sannan ya taka feda da ƙarfi, sai dai ka gan shi a kan dakali, ko a kan ganga, ko ya haye lambatu ya sauka can ƙetare.

Bawa bai taɓa cewa uffan a kan keken ba. Kai, ko a kan mai keken ba ya cewa komai. A gidansu, tun kakansa maƙeri da ya zo daga Katsina, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a jansa a jiki, ba a nuna an damu da shi. Zaman Yola ya ƙara wa abin gishiri, don a wannan kunyar Fulani ba su da na biyu. Idan Mu'tasim ya kwana da zazzaɓi, Bawa yakan tambayi matarsa Na'inna, "Mutanen gidan nan duk lafiya?" Ita kuwa, da kunyarta ta fi tasa, sai ta ce, "Akwai dai wanda bai ci tuwo ba." Da haka suka raini yaron har ya yi gemu.

Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ranar da Bawa ya fara ganin keken jingine a zaure, ya waiga ya ga ba kowa, ya tsuguna ya karance shi tsaf. Bayansa gajere ne ƙwarai, tayar baya ta matso har kusan ƙarƙashin ƙafar mahayi, shi ya sa ɗan jan hannu kaɗan ke ɗaga gaban. Gindin feda an ɗaga shi sama ya wuce tsakiyar tayoyin, don kada ya daki bakin dakali, kuma in an miƙe a kan tayar baya nauyin mutum ya zauna a kanta. Gaban dogo ne, mutum ya sami wurin miƙe jiki in zai yi tsalle mai nisa. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba kuwa a tsaye yake sosai, juyi kaɗan ya ishe shi. Bawa ya ce a ransa wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa. Ya ji sha'awa, ya ji tsoro, tsoron ya fi yawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon wani mako cikin zafin bazara, ɗaya daga bututun da ke riƙe da tayar baya ya tsage. Mu'tasim ya turo keken har bakin rumfa, ya jingine shi, ya tsuguna ya gaida ubansa.

"Baba, ƙarfen baya ya buɗe. Ko za a duba in an sami sarari."

Bawa bai ɗago daga ƙofar da yake gogewa ba. "A ajiye."

Maƙwabcin rumfarsa Silas ne, mai gyaran keke, mutumin Numan, wanda ba a haife shi da kunyar komai ba. 'Ya'yansa har wuyansa suke hawa a gaban jama'a. Shi da Bawa sun daɗe suna shan inuwa ɗaya, kuma duk abin da ba a iya faɗa a gidan Bawa, a bakin Silas ake jinsa. Mu'tasim na ba da baya, Silas ya leƙo da sifana a hannu.

"Malam Bawa, ka san me ya sa yana sauri? Asabar ne fa. 'Yan keke na Jos za su zo. Akwai kwalbati manya da ɗan kwangila ya bari a fili a Adarawo, zai yi tsalle daga ɗaya zuwa ɗaya. Ni na gani da ido na, wuri ɗin ba wasa ba."

"Ni ƙarfe aka kawo mini," in ji Bawa. "Ba labari ba."

Da yamma sai ga shi ya tuna yana da ƙofar da zai auna a cikin Yola. Babu wata ƙofa. Ya hau Napep ya sauka a Adarawo, ya nemi filin. Kwalbatocin na nan a girke, kowanne ya fi mutum tsawo, kuma tsakanin biyun ƙarshe akwai tazarar da babban mutum zai kwanta ya miƙe hannu bai taɓo ba. A ƙasan tazarar fasassun bulo ne da guntayen rodi. Bawa ya daɗe yana kallon rodin nan. Ya san abin da rodi ke yi wa nama, don akwai shaidarsa a ƙafarsa ta hagu.

A gida ya zauna a kan tabarma ya kasa cin abinci. Ya gaya wa Na'inna abin da ya gano, yana zagaye-zagaye, wai akwai wasu samari da ke shirin karya wuyansu.

Ta ajiye ludayi. "To Malam, a hana mana."

"Ke ki hana."

"Ni? Da wane bakin? In ce masa me, ina jin tsoro?"

Kowa ya zauna jiran ɗan'uwansa ya fi shi rashin kunya. Tsawatarwa ba ta yi wa Bawa wuya, da laifi yaron ya yi da tuni ya ji a jikinsa. Amma wannan ba laifi ba ne. Hana shi yana nufin a ce masa, ina tsoron in rasa ka, kuma wannan magana ce da uban Bawa bai taɓa gaya wa kowa ba, balle kakansa.

Abin da baki ya kasa, sai ya ce hannu zai yi. Washegari da hantsi ya tada janareta, ya yanke bututun bayan duka, mai tsagar da masu lafiyar. Ya zaɓo sabbi masu kyau, ya yanka su sun fi na da tsawo da faɗin yatsa biyu. Ya ɗan karkata su yadda gindin feda zai sauko ƙasa kaɗan, gaban kuma ya ɗan kwanta. Ya matsar da mazaunin birki ya bi tayar. Lissafinsa mai sauƙi ne, irin na mai ƙera amalanke: abin da bayansa ya yi tsawo ba ya ɗaga kai. Yaron zai ja, keken ya ƙi tashi, ya ja, ya ƙi, ya gaji ya ce ƙarfinsa ne ya ragu, ya fasa. Ba wanda ya hana wani, ba wanda ya ji kunya. Ya goge waldar ta yi sumul, ya shafa fenti baƙi daidai da na da. A gaskiya bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Silas aka miƙa wa ya ɗaura taya da sarƙa. Ya ja sarƙar, ta ƙi haɗuwa. Ya sake ja. Ya dubi keken, ya dubi Bawa.

"Cen ɗin bai kai ba. Jiya ya kai, yau bai kai ba. Cen yana gajarta cikin dare ne?"

"Ƙara masa 'ya'ya."

"Malam Bawa, abin nan da ka yi, Allah yana gani fa."

"Shi ya ga dalilina ma."

Silas ya ƙara, yana gunaguni da yarensu.

Da la'asar Mu'tasim ya zo. Ya shafa fentin, ya yi murmushi, ya tura keken kan hanya ya hau. Ya taka, ya ja hannu. Tayar gaba ta taso da ƙyar kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta koma ta faɗi. Ya sake ja da ƙarfi, ta tashi, amma ya kasa zama a kan ta baya, keken sai rinjaya yake gaba. Ya sauko. Ya dubi tazarar da ke tsakanin tayar da gindin feda, kallo ɗaya, bai ƙara ba. Bawa yana ciki yana ta bugun wani ƙarfe da ba ya bukatar bugu.

"An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amin."

Bawa ya kwana da sanyin rai. Ya ma ci tuwo har da ƙari, Na'inna tana kallonsa da mamaki.

Sanyin bai daɗe ba. Ranar Alhamis Silas ya shigo rumfar ba sallama, ya kashe janareta da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka ga yaron ka kwanan nan? Ka ga ƙafan shi?"

"Me ya sami ƙafar?"

"Bai fasa ba! Kullum da asuba yana Adarawo yana faɗuwa. Na ce masa, Mu'tasim, kawo in kai wa Zadok mai walda a bayan tasha ya yanka ya mayar yadda yake. Ka san me ya ce? Ya ce, Bappa Silas, aikin Baba ne, ba mai sa masa zarto. Ya ce da shi zai yi tsalle ɗin haka." Silas ya share gumi. "Da, keke ɗin yana jin maganan shi. Yanzu ka ba shi jaki, kuma zai hau jaki ɗin ya haye rami don kar ka ji kunya. Ku da kunyan ku ɗin nan, wallahi za ku kashe mutum."

Bawa ya cire tabaran walda ya riƙe a hannu. Duk lissafin da ya yi, na ƙarfe ne. Ya manta da cewa a gidan da uba ba ya iya cewa ina tsoro, ɗa ma ba ya iya cewa Baba ka ɓata. Garin neman gira yana shirin rasa ido.

Ranar Juma'a daga masallacin asuba ya wuce Adarawo. Gari bai gama wayewa ba, iska mai ɗan sanyi na tasowa daga wajen kogi. Ya laɓe a bayan wata katanga. Mu'tasim shi kaɗai ne a filin. Ya jera bulo gida biyu, tazararsu daidai da ta kwalbatocin, amma tsawonsu iya gwiwa. Ya hau na farko, ya yi kokawa da keken har ya miƙe a kan tayar baya, ya sunkuya, ya taka. Keken ya tashi a makare. Tayar baya ta sauka a bakin bulon, ta zame, feda ta kwashe masa ƙauri, ya faɗi a gefe. Da a kan kwalbati ne, da a kan rodi ya sauka.

Ya tashi yana ɗingishi. Jini na bin ƙafarsa, amma bai duba ta ba. Keken ya fara ɗagawa, ya sa bakin rigarsa ya goge ƙasar da ta ɓata fentin waldar, ya duba ko ta ƙwarzane.

Nan Bawa ya daina laɓewa. Ya fito daga bayan katangar, ya taka har tsakiyar filin, ya kama kan keken. Bai dubi yaron ba, wata bishiya can nesa ya duba.

"Akwai aikin da ban gama ba a jikin keken nan."

Suka ɗora shi a Napep, uba a gaba kusa da direba, ɗa a baya riƙe da taya. Haka suka iso Limawa.

A rumfa Bawa ya kwantar da keken a kan teburin ƙarfe, ya ɗauko alli ya miƙa.

"A nuna mini inda tayar take a da."

Mu'tasim ya sunkuyar da kai. "Aikin ya yi kyau, Baba."

"Ba kyau na tambaya ba."

Yaron ya karɓi allin. Bai nemi tef ba, bai yi dogon tunani ba, ya ja layi a jikin bututun. Bawa ya ɗora yatsunsa biyu, suka cike tazarar cif.

"Tun yaushe aka sani?"

"Tun takun farko. In na ja, sai in ji tayar tana can bayana, ba ta ƙarƙashina. Da ƙafata da ita lokaci ɗaya muke tashi, yanzu sai na tashi take biyowa." Ya ajiye allin. "Da na ɗauka kuskure ne. Sai na ga har mazaunin birki an matsar daidai. Kuskure ba ya yin kyau haka."

"An san da gangan ne, aka ci gaba da hawa?"

"In na kai wa wani ya yanke, kafin azahar duk masu waldar Jimeta sun ji an gyara aikin Malam Bawa. In na fasa kuma, za a tambaye ni dalili, ga baƙi sun taso. Ba ni da amsar da ba za ta taɓa rumfar nan ba. Sai na ce bari in koyi keken yadda yake."

Silas, da ke tsaye a bakin ƙofa yana sauraro ba tare da an gayyace shi ba, ya buɗe baki zai yi magana. Bawa ya ɗaga masa hannu, Silas ya haɗiye maganar da ƙyar.

Suka kama aiki. Bawa na yanka, Mu'tasim na riƙe. Wannan karon uban ne ke tambaya. Gindin fedar ya kai nan, ko a ƙara ɗagawa? Gaban ya miƙe yadda ake so? Yaron yana amsawa a hankali, da farko da kalma ɗaɗɗaya, daga baya bakinsa ya buɗe. Ya ce in gindin feda ya cika tsawo keken yakan yi rawa in tayoyi biyu na ƙasa, in ya cika sauka kuma ba ya zama a kan ta baya, akwai wani wuri a tsakani da jikinsa ya saba da shi. Bawa ya ɗan ɗiga walda, suka ɗaura taya, yaron ya tsaya a kan feda ya gwada, aka karya ɗigon aka sake. Suka tafi masallaci suka dawo. Tun da aka haifi Mu'tasim ba su taɓa yin magana mai tsawon ta wannan yinin ba, kuma duk a kan bututu ne. Silas ya cire 'ya'yan sarƙar da ya ƙara, ya jefa su cikin gwangwani da ƙarar da ta fi ƙarfin aikin.

Rana ta yi sanyi lokacin da aka gama. Ba a shafa fenti ba, waldar na nan tsirara. Mu'tasim ya fita kan hanya, ya taka, ya ɗan ja hannu. Gaban ya tashi kamar dama jira yake. Ya tsaya a kan tayar baya shiru, ko motsi babu, ya juya hagu, ya juya dama, ya ɗane dakalin Silas ya sauko ba a ji ƙarar saukarsa ba. Fuskarsa ta washe irin yadda Bawa bai gani ba tun yana ƙarami.

Sai ya jingine keken, ya dawo cikin rumfa, ya tsuguna.

"Baba, in an ce kada a yi, ba za a yi ba. Zan gaya wa baƙin an hana ni a gida, ba abin kunya ba ne. Keken ma in an ce a sayar, sai a sayar."

Ga shi nan, abin da Bawa ya yanke ƙarfe ya yi ha'inci don ya samu, an kawo masa har gabansa a tsugune. Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma ya san yaron ba zai ƙara ɗaga maganar ba har abada. Ya dubi ƙaurin nan mai sabon ciwo a kan tsofaffin tabo, tabon shekaru da bai taɓa tambayar inda aka samo su ba.

"Da wannan awon, ana iyawa?"

"Na sha haye wanda ya fi shi faɗi. Tsawon ne kawai sabo."

Bawa ya juya allin a hannunsa har ya karye.

"Ni dai tsoro nake ji," ya ce. "Tun ranar da keken nan ya shigo gidana nake jinsa. Amma ban ce kada a yi ba."

Mu'tasim bai ɗago ba. Yana tsugune ya ce, "To, Baba."

Asabar da safe Bawa ya sake tuna ƙofar nan ta cikin Yola da har yanzu bai auna ba. Ya sa tef a aljihu. Silas ya ce shi ma yana da wanda zai gani a can, suka tafi tare. Filin ya cika da samari, kowa ya ɗaga waya. Wasu sun kwashe rodin da fasassun bulon daga ramin, Silas ya ce shi ya sa su, kuma bai nemi izinin kowa ba. Bawa ya tsaya can baya inda masu wucewa ke tsayawa.

Baƙin suka yi nasu, aka tafa. Sannan Mu'tasim ya hau. Ya bi kwalbatocin ɗaya bayan ɗaya har ya zo na kusa da ƙarshe, ya matso bakinsa, ya ɗaga gaba. Filin ya yi tsit. Bawa ya so ya rufe ido, ya hana kansa, tunda shi ya ce bai hana ba. Yaron ya sunkuya har ya kusa zama a kan tayar, ya miƙe gaba ɗaya, shi da keken suka tashi tare. Tayar baya ta sauka a tsakiyar kwalbatin ƙarshe, ta lotsa, ta tsaya.

Ihu ya tashi. Wani dattijo da ya san Bawa ya kamo hannunsa yana girgizawa. "Malam Bawa, ashe kana nan! Ka ga ɗanka? Ka ga abin da ɗanka ya yi?"

Bawa ya gyara murya.

"Waldar ta riƙe," ya ce.

Ya juya zai tafi kamar mai sauran aiki a gaba, sai ga hawaye na bin kumatunsa. Silas ya janyo bulo ya zaunar da shi, sannan ya tsaya a gabansa ya baza faɗin rigarsa, don kada jama'a su ga fuskar.